Kyamara 'yar mitsitsiya, lensi kamar turmi: ina ƙananan da ke saita kansu?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo shi gaban manya. Bara na sayar da tsohuwar kyamarata mai madubi, na cika kuɗi na sayi Sony a7C ta hannu. Ƙanƙantarta ce ta ja ni. Giram 509 ce har da batir da kati, kuma sensarta, wato farantin da ke kama hoto a madadin fim, babba ce cikakkiya, milimita 36 da 24. Niyyata in riƙa saƙala ta a wuya ina yawo cikin gari. Sai kwaɗayi ya ja ni na ɗora mata zum ɗin nan, wato lensi mai kusanto da abu da nisanta shi, 24-70mm f/2.8 GM na farko, shi kuma giram 886. Ku haɗa, giram 1,395 ke nan. Lensin ya kusa ninka kyamarar. Laifina ne, ba wanda ya tilasta ni.

Ranar Asabar na shiga Kurmi, layin dukawa. Wani dattijo na zaune yana ɗinkin jakar fata, haske ya ratso ta wata ɓular rumfa ya sauka daidai kan yatsunsa da basilla. Kafin in gama ciro turmin nan daga jaka, yara sun kewaye ni suna tambayar wane gidan talabijin ne. Dattijon ya ajiye basilla, ya gyara hula, ya ƙame kamar za a yi masa hoton fasfo. Na roƙe shi ya ci gaba da aikinsa, ya ci gaba, amma rabin idonsa na kaina. Hoton da na gani tun farko ya riga ya tafi.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Lensi 35mm ko 40mm, ko f/2.8 ne ya ishe ni, mai saita fokas da kansa, wanda tsayinsa ba zai wuce mariƙin kyamarar sosai ba, yadda za ta shige aljihun gefe na kaftani. Sannan ɗan ƙaramin na ɗaukar fuska, tsakanin 75mm da 90mm. Me ya sa ake ta ƙanƙanta kyamarori amma lensocin sai ƙara ƙiba suke yi?

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai ina gefe ina ɗaukar darasi.

Sarkin Biki:
Malam, ka saya wa yaro rigar babansa ka dawo kana cewa tela bai iya ɗinki ba. Wanda ke son haske dole ya ɗauki nauyi. Ni 35mm f/1.4 GM ne a kan tawa kullum, giram 524, kuma ban taɓa jin wuyana ya yi ƙorafi ba. Ka shiga ɗakin taron da aka kashe fitilu aka bar masu shuɗi da ja suna walƙiya, ka ga ko f/2.8 zai fisshe ka.

Baban Ilham:
Sarki, ni ba biki nake ɗauka da ita ba. Kai ana biyanka ka ɗauki nauyin. Ni nishaɗi nake nema, ga shi yanzu sai ta yi sati biyu a durowa saboda ƙyuyar ɗaukarta.

Baba Mai Hoto:
Ɗana Baban Ilham, tambayarka ta tuna mini da zamanin fim. A 1997 Olympus suka fitar da wata 'yar kyamara, mju-II. Lensinta 35mm f/2.8, tana saita fokas da kanta, ga filasha a jiki, kuma duka-duka giram 135 ce. Fim ɗin da take ci girmansa ɗaya da sensar da kuke tinƙaho da ita yanzu. A aljihun gaba nake sa ta, kusa da carbi. Ranar hawan sallah a Zariya ina riƙe da babbar a hannu, amma hotunan da na fi so da 'yar ƙaramar na ɗauke su, a cikin lungu, lokacin da ake ɗaura wa dawaki kaya kafin su fito. To idan an iya wannan kusan shekara 30 da suka wuce, yau da ake cewa an ci gaba me ya hana? Injiniya, ka fito ka ba mu amsa, kai ne ɗan boko.

Injiniya:
Allah ya ƙara girma Baba. Zan yi iya ƙoƙarina, amma ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Abu na farko lissafi ne da ba ya tanƙwaruwa. Lambar f da muke faɗa rabawa ce. Ka raba tsawon fokal, wato milimitar da ke cikin sunan lensi, da lambar, sai ya ba ka faɗin ƙofar hasken kamar yadda ake ganinta ta gaba. Lensi 50mm f/1.2 yana buƙatar ƙofa wajen milimita 42. Shi kuwa 50mm f/2.5 milimita 20 ta ishe shi. Gilashi kuma idan faɗinsa ya ninka, kaurinsa ma ƙaruwa yake yi, ga ƙarin gilasan da za su gyara ɓarnar da babban ya jawo. Shi ya sa na Sony 50mm f/1.2 ya kai giram 778, ƙaninsa f/2.5 kuwa giram 174. A nan Sarkin Biki ya yi gaskiya.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Da aka cire madubi daga cikin sababbin kyamarori irin a7C, bakin da ake ɗaura lensi ya matso kusa da sensa. A tsohuwar Canon EF tazarar milimita 44 ce, a Nikon F 46.5. A Sony E kuwa 18 ce, Canon RF 20, Nikon Z 16. Kyamarar ta sirance, gaskiya ne. Amma lensi 40mm mai sauƙin ƙira dole tsakiyarsa ta zauna kimanin milimita 40 daga sensa, ko da madubi ko babu. A da ramin madubi ne ke cinye wannan tazarar, yanzu lensin ne ke ɗauke da ita a jikinsa. Ku duba 40mm f/2.8 na Canon EF da ya fito a 2012, tsayinsa milimita 23 kacal. Ka ɗaura shi a kan a7C, sai ka sa adafta mai kaurin milimita 26, jimla 49. Ya ma fi 40mm f/2.5 G na Sony tsawo, wanda yake 45. Ba a rage komai ba, an dai kwashe kayan daga ɗaki an jibge a zaure.

Wannan ne dalilin da ya sa siraran lensocin da ake yi wa kyamarori marasa madubi galibi suke taruwa a 26mm da 28mm. Nan ne lissafin ke ba su dama.

Sai maganar Baba. Fim ba ruwansa da ta inda haske ya zo masa. Ko a karkace ya faɗo a kusurwa, zai kama. Sensa kuwa kamar ƙananan rijiyoyi ne jere, ga wani gilashin kariya a samansu. Hasken da ya zo a tsaye yana kaiwa ƙasan rijiya, wanda ya zo a kwance sai ya bugi bango. Sakamakon shi ne kusurwoyi su yi duhu, su dishe, wani lokaci har launi ya sauya. Ɗan ƙaramin lensin mju-II yana zaune dab da fim, yana watsa haske a karkace son ransa. Ka yi wa sensa haka ka ga aika-aika. Kuma Baba, hoton da kuke wankewa girman kati ne. Yanzu mutum zai buɗe hoto mai megafiksel 24 ko 61 a kwamfuta ya zuƙo kusurwa yana neman aibu.

Baba Mai Hoto:
Madalla, Allah ya yi albarka. Na gane na rijiyar. Amma wannan na ƙarshen laifinku ne, ba na gilashi ba. Mu a zamaninmu fuskar mutum ake kallo, ba wanda ke leƙa kusurwa ya ga ko ganyen darbejiya ya fito tar.

Maman Sadiq:
Baba ka faɗi gaskiya wallahi. Bari in sa baki, don wannan magana ta fi shafarmu mu mata masu shiga cikin gida. Ni aikina yawanci kamu ne da sa lalle da wunin suna, inda namiji ba ya shiga. Da ina zuwa da babban zum da murfinsa mai kama da fure. Ina ɗaga shi sai ka ga gwaggonni sun ja mayafi, wata ta juya baya, wata ta ce kar a sa ta a intanet. Tun da na koma 40mm f/2.5 G abin ya sauya. Giram 173 ne, da kyamarar duka 682. Wata ranar ƙunshi na zauna a kan tabarma kusa da mai lalle, kyamarar na kan cinyata, na juyo allon sama ina kallo. Kakar amarya ta kamo ƙafar jikarta ta ɗora a kan gwiwarta tana duba zanen, tana yi mata tsiya cewa angon ma ba zai lura ba. Na ɗauka sau uku ba wadda ta ɗago. Ba sata nake yi ba, sun san aikin da ya kawo ni, uwar amarya ce ta kira ni. Kawai dai abin bai cika musu ido ba ne har su tsargu. Wannan hoton shi suka sa aka buga babba.

Don haka Baban Ilham, shawarata ka duba 'yan ukun nan da Sony suka fitar a 2021, wato 24mm f/2.8 da 40mm f/2.5 da 50mm f/2.5. Girmansu ɗaya, bakinsu ɗaya milimita 49, kuma ba sa ƙara wajen saita fokas, wanda ke da muhimmanci idan ana addu'a.

Baban Ilham:
Hajiya na gode ƙwarai. Na taɓa riƙe shi a hannun wani abokina, yana da daɗin riƙo. Amma milimita 45 fa. A jaka lafiya lau, a aljihun kaftani kuwa sai ya yi tsini kamar na ɓoye ƙwaryar fura. Ni irin wanda ake kira fanke nake so.

Auta:
Yaya wane irin fanke kuma? Na ci?

Ɗan Damagaram:
Hhh, Auta yunwa yake ji. Sunan da Turawa suka ba siririn lensi ke nan, don nasu fanken a baje yake. Namu kuwa dunƙulalle ne. Da mu aka tambaya, da lensi gurasa za mu ce.

Amma zancen gaskiya, Baban Ilham, kun ɗora wa kanku wahala da wannan babbar sensa. Ni Fujifilm X-E4 gare ni, giram 364, da 27mm f/2.8 sabon ƙira na 2021, giram 84, tsayi milimita 23. Duka 448, ko nauyin kyamararka tsirara ba su kai ba. A idon hoto 27mm a wannan sensa daidai yake da 40mm a taku. Da ita nake zagaya Birni da kasuwar Dole, cikin aljihu take kwana. Injiniya ya riga ya faɗi lissafin, ƙaramar sensa gajeren fokal take nema, gajeren fokal kuma shi ke ba da gurasa. Ka sayar ka dawo cikinmu.

Sarkin Biki:
An fara. Duk inda aka yi zancen kyamara sai 'yan Fuji sun zo wa'azi.

Injiniya:
Ɗan Damagaram bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye rabin lissafin. F/2.8 a sensarsa, wajen narkar da bayan mutum, wato dishe abin da ke bayansa a hoto, kamar f/4 ne da ɗoriya a ta Baban Ilham. Kuma a ISO ɗaya, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, babbar sensa ta fi tara haske, don girman filinta ya ninka nasa fiye da sau biyu. Idan ka bi wannan hanyar har ƙarshe ma sai ka wuce Fuji ka tafi Micro Four Thirds, masu sensar da ta fi ta Fuji ƙanƙanta, inda Olympus 45mm f/1.8 yake giram 116 kuma yana ba ka kallon 90mm. Wannan shi ne ɗan lensin fuskar da Baban Ilham ke mafarki. Sai dai kowane mataki ka sauka, akwai abin da ka bari a sama.

Ɗan Damagaram:
Na yarda, amma hoton da aka ɗauka da f/4 ya fi wanda ba a ɗauka ba don kyamara na durowa.

Maman Sadiq:
Wannan ta shiga, Baban Ilham sai haƙuri.

Baban Ilham:
Ta shiga kam. Amma ba zan sayar ba, da kyar na haɗa kuɗinta. Abin da ke ba ni haushi shi ne sauran kamfanonin sun nuna ana iyawa a babbar sensa. Nikon na da 26mm f/2.8, giram 125, tsayi milimita 23.5. Canon na da RF 28mm f/2.8, giram 120, bai kai milimita 25 ba. Duka a 2023 suka fito. Nikon ma na da 40mm f/2 mai giram 170, ga haske ga sauƙin kuɗi. To mu da muke da kyamarar da aka gina musamman don ƙanƙanta, ina namu gurasar?

Auta:
Yaya to ba za a sa adafta a ɗaura na Nikon ɗin a Sony ba?

Injiniya:
Ba zai yiwu ba ƙanena. Adafta tazara take ƙarawa, ba ta ragewa. Lensin Nikon Z yana so ya zauna milimita 16 daga sensa, bakin Sony kuwa yana 18, ka ga sai an fasa kyamarar an tura shi ciki. Akasin haka ne ke yiwuwa, akwai adafta siririya ta milimita 2 da ke ɗaura lensin Sony a kan Nikon Z.

Sannan akwai batun faɗin baki. Na Nikon Z milimita 55 ne, na Canon RF 54, na Sony E wajen 46, don tun asali a 2010 da ƙananan kyamarorin NEX ya fara fitowa. Dabarar da Canon suka yi a 28mm ɗin nan ita ce gilashin gaba ɗan ƙarami, na baya kuma manya masu lanƙwasa iri-iri, suna zaune can ciki kusa da sensa suna miƙar da haske. Faffaɗan baki yana sauƙaƙa irin wannan. Ban ce ba za a iya a Sony ba, amma wurin ya fi matsewa.

Sarkin Biki:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Akwai Sony Zeiss 35mm f/2.8 tun 2013, tare da a7 ta farko ya fito, giram 120. Akwai na Samyang 35mm f/2.8 da bai kai giram 90 ba. Sun cika kasuwar kayan hannu. Mutane ne ba sa so, kowa f/1.4 yake nema don amarya ta ce a narkar mata da baya. Kamfani kuma abin da ake saya yake ƙerawa. Ku daina ganin laifinsu.

Maman Sadiq:
Sarki, amaren naka ne ke son haka. Nawa so suke a ga jeren kayan ɗaki a bayansu, kwano-kwano. Ka narkar da shi ka ga faɗan uwar amarya.

Sarkin Biki:
Hajiya na sallama, ban ja da ke ba.

Baba Mai Hoto:
Akwai abin da ban ji kun taɓo ba. Lensocin Leica da na Voigtländer ga su nan kamar ƙwan zabo, har da masu f/1.4, kuma babbar sensa suke rufewa. Su ina suka kai nasu lissafin?

Injiniya:
Baba ai ka kawo mu gindin maganar. Waɗannan ba inji a cikinsu. Hannunka ne injin, yatsanka ne ke juya ƙofar haske. Daga gilashi sai tagulla da alminiyam. Kuma bakin Leica M yana milimita 27.8 daga sensa, kyamarar ta ɗauke musu wani ɓangare na tsayin, sannan an ƙera sensarta don ta jure hasken da ke zuwa a karkace.

Da zarar ka ce lensi ya saita kansa, ka gayyato baƙi: injin tura gilashi, wani na buɗe ƙofar haske da rufe ta, allon lantarki, na'urar da ke gaya wa kyamara inda gilashin yake. Kuma akwai hanya biyu. Ko dai inji ya tura gilasan gaba ɗaya gaba da baya, ƙirar ta zama ƙarama amma a hankali take tafiya kuma da ɗan gurnani. Misalin da kowa ya sani shi ne Panasonic 20mm f/1.7 na 2009, hotonsa tar, girmansa kamar murfin kwalba, amma an san shi da nawa wajen kama fokas. Ko kuma a ware ɗan gilashi mara nauyi a ciki shi kaɗai ke motsi, sai a sami sauri da shiru, amma dole a bar masa filin da zai yi zirga-zirga, a ƙara wasu gilasan su rufa masa baya. Na Hajiya irin wannan ne, inji biyu ne ma a cikinsa. Tsayin da Baban Ilham ke kuka da shi, kuɗin saurin da shirun ne.

Pentax sun taɓa bin wata hanya a kyamarorinsu masu madubi. Injin yana cikin kyamara, yana juya wani ɗan sukurun da ke shiga lensi. Da haka suka yi 40mm f/2.8 mai tsayin milimita 15 kuma yana saita kansa. Amma yana ƙara, kuma yanzu da kowa ke ɗaukar bidiyo da bin ƙwayar ido, ba wanda zai koma can.

Ɗan Damagaram:
Akwai adaftar Techart da ke ɗaukar lensin Leica M ta riƙa tura shi gaba da baya a kan Sony, sai ya zama mai saita kansa. Na ga wani da ita.

Injiniya:
Akwai, kuma dabara ce mai kyau ga ƙananan lensoci marasa nauyi. Amma ka tuna maganar rijiya. Masu faɗin kallo irin 28mm zuwa ƙasa sukan dishe a kusurwa a kan sensar Sony, don gilashin kariyarta ya fi na Leica kauri. Daga 40mm zuwa sama abin ya fi sauƙi. Sannan ƙofar haske da hannu za ka ci gaba da juya ta.

Shugaban Zaure:
Jama'a ana jin daɗin muhawarar. Tunatarwa kawai, mai son tallan kayansa ya bari sai Juma'a. Na goge saƙo biyu yanzu.

Auta:
Ranka ya daɗe ba ni ba ne. Amma ina da tambaya. Na ga wani Viltrox 28mm f/4.5 da ake cewa kamar murfin kyamara yake. Shi fa?

Injiniya:
Shi ne mafi kusa da abin da Yayanka ke nema a siffa. A 2024 ya fito, wajen giram 60, kauri kimanin milimita 15, yana saita kansa, kuma dala 99 aka sa masa. Sai dai ka san abin da ka saya. Ƙofar haskensa a kafe take a f/4.5, ba ta buɗuwa ba ta rufuwa, kuma ba zoben saita fokas da hannu. Da rana a kasuwa zai yi aiki. Bayan magariba sai ka ɗaga ISO sosai. Tsakanin f/2.8 da f/4.5 hasken ya ragu fiye da rabi.

Baban Ilham:
Cikin Kurmi ko da azahar duhu-duhu ne a wasu layukan, rumfuna sun haɗe. F/4.5 zai wahalar da ni. Kuma 28mm ya yi mini faɗi, sai na kusa shiga hancin mutum.

Maman Sadiq:
Sannan ku yi hattara da ƙura. Na taɓa sayen wani ɗan ƙarami mai araha, ba zan faɗi kamfanin ba, irin wanda hancinsa ke fitowa yana komawa. Hunturu ɗaya ya yi. Na je wani suna a ƙauye, iska na kaɗawa, washegari na ji yana ƙurƙur kamar ana niƙa gero, daga nan ya daina kama fokas. Mai gyara ya buɗe ya nuna mini yashi a kan farar takarda. Tun daga nan duk wanda zan saya sai na tabbatar motsinsa a ciki yake kuma an toshe shi daga ƙura. Wannan ma yana ƙara masa ɗan jiki, amma na yafe.

Baba Mai Hoto:
'Yata kin tuna mini. Mu da tsohuwar safa muke rufe kyamara lokacin buji, a yanke bakin a fito da lensi. Ba kyan gani amma tana aiki.

Sarkin Biki:
To wai duk wannan dogon zance, me zai hana ka sayi mai lensi a manne? Ricoh GR III giram 257 ce gaba ɗayanta, akwai GR IIIx mai kallon 40mm. Ko Fujifilm X100VI. A irinsu lensin yana nutsewa cikin jiki har dab da sensa, an ƙera su tare. Ka bar a7C ɗin ga aikin kuɗi.

Baban Ilham:
Sarki da kuɗin wa? Ilham za ta shiga sakandare bana. Kyamara ɗaya gare ni kuma ita za ta yi duka.

Ɗan Damagaram:
To ka sa lensin ƙaramar sensa mana. Sony na da 20mm f/2.8 na APS-C, wato ƙaramar sensa irin tamu, gurasa ne sosai, giram 69, bakinsu ɗaya da taka.

Injiniya:
Zai ɗauru, amma kyamarar za ta yanke tsakiyar sensa kawai ta yi aiki da ita. Daga megafiksel 24 za ka dawo wajen 10. A kan a7CR mai 61 ne wannan dabara ke da armashi, don ana saura da 26. Goma ma ta isa Instagram da bugun ƙaramin hoto, amma ka sayi gona ka noma ƙasa da rabi ke nan.

Ni a ganina, Baban Ilham, zaɓinka na gaskiya biyu ne. Ko 35mm f/2.8, na Zeiss ko na Samyang, ka sami kyamara mai giram 600 da 'yan kai ko ƙasa da haka. Ko 40mm irin na Hajiya, ka haƙura da aljihu ka sami shiru da kariyar ƙura. Na fuska kuwa, gurasa babu ita a can, kar ka wahalar da kanka. Lissafin farko ne ke hanawa, 85mm f/1.8 ƙofarsa kaɗai milimita 47 ce. Na Sony giram 371 ne, Sigma 90mm f/2.8 giram 295, Samyang 75mm f/1.8 giram 230. Wannan na ƙarshen shi ne mafi rashin nauyi a cikinsu.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri Injiniya, ka warware mini abin da na yi wata shida ina juyawa. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. Ni na yarda a ba ni lensin da ke ɗan gurnani, mai ɗan duhu a kusurwa wanda kyamara za ta gyara da kanta, mai jikin roba ma, in dai zai zama milimita 25 ya kuma buɗe f/2.8. Ba kowa ke neman wanda zai ci jarrabawar masu leƙen kusurwa ba. Sony sun buɗe wa wasu kamfanoni sirrin bakin E tun 2011, shi ya sa Sigma da Tamron da Samyang da Viltrox suka cika mana kasuwa. Cikinsu wani ya yi mana 35mm ko 40mm na aljihu mana. Tsakanin murfin kyamara mai f/4.5 da mai milimita 45 akwai fili, kuma na tabbata ba ni kaɗai ke tsaye a wurin ba.

Baba Mai Hoto:
Ba kai kaɗai ba ne ɗana. In sun yi shi ka saya biyu, zan biya nawa.

Maman Sadiq:
Kafin su yi, ina da biki a Kano ranar Asabar mai zuwa, wajen Gwale. Ranar Lahadi ba ni da aiki sai yamma. Ka turo Maman Ilham ta karɓi 40mm ɗin da safe, ka koma wurin dattijon naka da shi, ka dawo mini da shi kafin la'asar. Gani ya kori ji.

Sarkin Biki:
Ni ma akwai tsohon 35mm f/2.8 a ƙasan jakata da ban taɓa shi ba tun bara. Ka biyo ta shago ka ɗauka ka gwada su tare. Amma murfinsa ya ɓata, kar ka ce ni ban faɗa ba.

Ɗan Damagaram:
Au, ashe mai wa'azin f/1.4 yana ɓoye da ƙarami.

Sarkin Biki:
Na ranar da bayana ya ƙage ne.

Baban Ilham:
Hajiya na gode, Allah ya bar zumunci, za ta kira ki ranar Juma'a. Sarki zan shigo bayan azahar gobe. Zum ɗin kuma Auta, in kana so ka riƙe shi na sati ɗaya ka koyi hannu, ka zo gida ka ɗauka. Ka taho da jakarka, tawa ina buƙatarta.

Auta:
Yaya gobe da sassafe ina ƙofar gida. Wace irin jaka zan kawo, ta makaranta za ta ɗauke shi?